Hirar Rumfa da Amanar Fatauci a Karar Wudil

Duk ranar Juma'a, garin Wudil da ke bakin kogi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, yakan cika da baƙin da harshensu ba ɗaya ba, kuɗin aljihunsu ma ba na ƙasa ɗaya ba. Karar Wudil tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa. A nan ake sauke dabbobin Borno da Yobe da Adamawa, da waɗanda suka ƙetaro daga Nijar da Chadi da Kamaru, kafin a yi musu lodi a tirela zuwa Legas da Badun da Fatakwal. Masu nazarin tattalin arziki sukan ƙirga kawunan shanu da farashi da kuɗin shiga, amma da wuya ka ga sun kula da sa'o'in da 'yan kasuwar ke shafewa a rumfa suna gaisawa, suna shan shayi, suna tsokanar juna, suna cigiyar wanda bai zo ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, wannan hirar da ake wa kallon ɓata lokaci ita ce hanyar da ake auna amana a kuma adana ta, kuma a kanta taimakon juna tsakanin mutanen ƙasashe daban-daban ya dogara.

Sai an duba matsalar da falke yake ciki kafin a gane haka. Mutum ya taso daga Damagaram ko Diffa da shanun da darajarsu ta kai miliyoyin naira, wasu nasa, wasu na 'yan uwa da maƙwabta da suka ba shi sautu. Ya iso garin da bai san masu saye ba. Mai sayen kuma sau da yawa ba ya riƙe da cikakken kuɗi, yana so ya biya wani abu, ragowar sai ya kai kaya Kudu ya dawo. Babu takardar yarjejeniya, kuma ko da akwai, baƙon da shanu ke jiransa a gida ba shi da watannin zaryar kotu a ƙasar da ba tasa ba. Maganin da Hausawa suka daɗe da samarwa shi ne fatoma: shi ke saukar baƙo, ya ba shi makwanci da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa idan an ɗauki dabba bashi, a biya shi da la'ada. To amma lamunin fatoma ba ya da wani amfani sai idan ya san wa zai biya, wa kuma ya fara tangal-tangal. Wannan sanin ba a rubuce yake ba a ko'ina. A bakin mutane yake yawo.

A saurari gaisuwar da ake yi wa baƙo idan ya sauka. "Sannu da zuwa Alhaji, ya hanya? Ya mutanen Damagaram? An samu ruwa a wajenku? Ina Malam wane, kwana biyu ba mu gan shi ba?" Baƙon zai amsa da lafiya lau da godiyar Allah, kamar yadda ladabi ya tanada, sai an zauna an zuba shayi sannan amsoshin gaskiya su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: damina ta yi gardama a wuri kaza, don haka makiyaya za su fito da dabbobi da wuri; hanya kaza ta yi shingaye da yawa; sefa ta tashi a wajen 'yan canji; Malam wane kuwa rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta tsare shi, ba gudun bashi ba. Wannan jimlar ta ƙarshe kaɗai tana iya ceton mutuncin mutumin da yake nesa da wurin da ɗaruruwan kilomita. Masani Bronislaw Malinowski ya yi bayani a 1923 kan irin maganar da mutane ke yi don ƙulla zumunci kawai, ba don isar da wani labari ba, kuma ya sa gaisuwa a cikinta. A kara, rarrabewar nan ba ta tsayawa sosai, domin gaisuwar ita ce ke buɗe ƙofar labarin, kuma wanda bai zauna an gaisa ba, ba za a gaya masa komai mai amfani ba. Ko cinikin kansa a kan wannan turba yake tafiya: mai saye ya duba haƙoran sa, ya shafa tozo, ya yi tayi, a ce masa albarka, ya ƙara, dillali ya riƙe hannun wannan ya riƙe na wancan yana roƙon a rage a ƙara saboda zumunci, har mai dabba ya ce ya sallama. Hannun da aka tafa a gaban shaidun da gobe za su ba da labarin a rumfa, shi ne sa hannun.

Tsarin ya girmi iyakokin da ake ƙetarewa yau. A ƙarni na 19 ayarin fataken Kano, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna tafiya Gwanja sayen goro, suna sauka a zangon Salaga, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a bincikensa na 1980. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, mutanen suka watsu zuwa Kete Karaci da Kumasi da Ankara, suka kafa sababbin zanguna, kuma zumuncin ya bi su. Polly Hill ta yi nazarin masu masauki da dillalai a kasuwar shanun Kumasi a 1966. Abner Cohen kuma, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Badun, ya nuna yadda ake ba mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi ba tare da takarda ba, bisa lamunin maigida, wato fatoma, da kuma sanin da dillalai suka yi wa halin kowane mahauci. Abin lura a binciken Cohen shi ne, wannan sani yana taruwa ne saboda mutanen suna zaune wuri ɗaya, suna salla tare, suna cin abinci tare, suna hira dare da rana. Wudil tana wancan bakin zaren da Sabo ke riƙe da ɗaya bakinsa.

Wasan barkwanci ma yana da nasa aikin. A kasuwar da ke kan hanyar Borno, Bafulatani da Babarbare ba sa rasa haɗuwa, kuma da sun haɗu kowa zai ce shi ne ubangidan ɗan uwansa, a yi ta musu ana dariya. Haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe. UNESCO ta sa irin wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin gadon al'adun duniya a 2014. Amfaninsa a ciniki a fili yake: yana ba baƙi biyu dangantaka tun kafin su san sunan juna, kuma yana ba da damar a tuna wa mutum bashi ko a gaya masa ya yi tsada cikin raha, ba tare da an ɓata ba.

Daga wannan hira ne taimako ke fitowa idan ta ɓaci. Tirela ta faɗi da shanun wani a hanyar Kudu, a yi masa jaje, a yi karo-karo, wani ya ba shi dabbobi bashi ya sake tashi. Baƙo ya kwanta ciwo, fatomansa ne mai kai shi asibiti. Idan ta Allah ta kasance, shi ne mai tsayawa a yi masa sutura, ya kuma tattara abin da ya bari ya aika wa magadansa a ƙetaren iyaka. An gwada ƙarfin wannan tsari a 'yan shekarun nan: rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A kowane lokaci cikin waɗannan, hanyoyin hukuma na biya ko na wucewa ne suka toshe, kuma sana'ar da ta dogara ga tsabar kuɗi ba ta da abin komawa gare shi sai jinkirin biya tsakanin waɗanda suka yarda da juna.

Za a iya cewa duk wannan son kai ne aka yi wa ado, fatoma yana kyautata wa baƙo ne don kada ya sauka a gidan wani. Gaskiya ne akwai riba a ciki, kuma babu ɗan kasuwar da zai musa. Amma riba kaɗai ba ta bayyana dalilin da ya sa ake zuwa ta'aziyyar falken da ya riga ya karye, wanda ba a sa ran ya sake kawo ko ɗan maraƙi, ko dalilin da ya sa ɗa yake gadon baƙin mahaifinsa har da waɗanda ba su da komai. Bayanin da ya fi dacewa shi ne, a al'ummar da kowa ke ba da labarin kowa, yadda ka yi wa marar ƙarfi shi ne abin da masu ƙarfi ke dubawa kafin su damƙa maka dukiyarsu, kuma addinin da yawancinsu suka yi tarayya a kai ya riga ya ɗora haƙƙin baƙo da riƙon amana a wuyan kowa. Riba da kirki a nan suna ƙarfafa juna ne.

Wasu kuma za su ce waya da banki sun sa fatoma da rumfarsa sun zama tarihi. Lalle abubuwa sun canza. Yau dillali yana ɗaukar bidiyon bijimi ya tura wa mai saye a Legas ta WhatsApp, a yi ciniki da saƙon murya, a tura kuɗi ta asusu, kuma mutanen da a da sai mako-mako ko wata-wata suke haɗuwa yanzu kullum suna gaisawa daga Wudil zuwa Maraɗi zuwa Kumasi. Saƙon murya ya dace da su ƙwarai, domin bai buƙatar boko, kuma yana ɗauke da muryar mutum da yanayinsa. Sai dai wayar ta tsawaita hirar ne, ba ta ɗauke nauyin lamuni ba. Bidiyo ba ya nuna ciwon da ke cikin dabba, saƙon shigar kuɗi yana iya zama na bogi, kuma lambar waya ana iya kashe ta a jefar. Shi ya sa tambayar farko da ake yi wa sabon mai kira ita ce, wa ya ba ka lambata? Amsar ita ke maido da shi cikin zaren sanayya, inda akwai wanda za a riƙe idan ya saɓa.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ta shafi adalci, kuma ba daidai ba ne a kauce mata. Bakin da ke wanke mutum shi ne kuma ke iya ɓata shi, jita-jita ɗaya tana iya hana falke bashi ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ƙaramin makiyayin da ya kawo saniya ɗaya daga ruga ba ya cikin hirar manya, don haka bai san farashin Kudu ba, kuma dillali marar tsoron Allah yana iya cin bambancin. Mata, waɗanda da yawansu ke kiwon tumaki da awaki a gida, kusan ba su da wurin zama a rumfar kwata-kwata. Zumuncin da ke rufa asirin wanda ya karye yana iya rufa na wanda ya shigo da dabbar sata. Haɗin kan kuma yana iya zama makami, kamar yadda aka gani bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, farashin nama da tumatir ya tashi a can, kayan gwari kuma suka yi kwantai a Arewa. Duk waɗannan sun tabbatar da cewa hirar tana da iko na gaske, kuma illarta ta fi faɗawa kan wanda aka bari a waje. Gyaran da ya dace kenan shi ne na faɗaɗa ta: a riƙa sanar da farashi a fili ta rediyo da waya yadda mutumin ruga zai ji, shugabannin kara su riƙa sauraron wanda ake zargi kafin a yanke masa hulɗa, a kuma rubuta sunan wanda ya kawo kowace dabba da wanda ya tsaya masa. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Wudil a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, tana da ɗaliban noma da za su iya tattara waɗannan farashi mako-mako. Duk hukumar da za ta sake gina kasuwar kuma, in ta zana wurin awo da wurin lodi da ofishin karɓar haraji, ya kamata ta ware wa rumfunan fatomomi nasu filin a cikin taswirar.