Daga Unguwa Uku Zuwa Jambutu: Tarihin Da Ke Bakin Hanya

Kusan kowane gida a nan Luggere yana da wani gari da yake kira asali, wani Kano, wani Katsina, wani Haɗeja. Shi kansa sunan unguwar Fulatanci ne, ma'anarsa kwari, wato dai zuwa muka yi muka tarar da masu wuri. A hutun da ya wuce na dawo daga Kano da ɗana, tun daga tashar Unguwa Uku har Jambutu idonsa na kan waya. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya wuce shi ta taga, ko 'yan'uwansa sa amfana.

Daga Kano zuwa Wudil ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gona na bin gona, ga kuka ga gawo. A irin waɗannan garuruwa ake saƙa da rinin tufafin da fatake suke ɗaura wa jakuna su nufo Fombina, su koma da hauren giwa. Gaskiya kuma ba a ɓoye ta, har da bayi a cikin abin da suke komawa da shi. Tafiyar da muke yi a wuni ɗaya, su makonni suke yi, daga wannan zango zuwa wancan.

Da an wuce Birnin Kudu sai duwatsu su fara leƙowa. Bayan Darazo, kafin Dukku, mota za ta haye kogin Gongola a kusa da Gombe Abba. Yawancin fasinja ba sa ko ɗaga kai, alhali nan ne garin Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu. Gomben da muke tsayawa mu yi sallah mu ci abinci sabuwa ce, sai a 1919 aka mayar da hedikwatar masarautar can. Auduga ce ta raya ta, sannan layin dogo ya iso ta a farkon shekarun 1960 a hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Mu kam jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Yola ba, don haka kayanmu sai dai a bayan babbar mota.

Daga Kumo zuwa Billiri da Kaltungo ne ƙasa take sauya kama gaba ɗaya. Hanya ta dinga hawa da gangara, tsaunukan Tangale da Waja a tsaye, wani kamar an dasa turmi a kife. Waɗannan duwatsu su suka kare mutanen wurin daga mahaya dawakai a ƙarni na 19, shi ya sa har yau suke da harsunansu da sarautunsu. Abin da ya dame ni a wannan karon shi ne buhunan gawayi da itace da aka jera a bakin titi. Ina yaro, tsakanin gari da gari daji ne sosai. Yanzu sai kututture, sai kuma zaizayar ƙasa tana cin gefen kwalta.

Bayan Cham sai a gangara kwarin Binuwai. Zafi ya ƙaru, ƙasa ta koma baƙa, giginya ta bayyana, sannan ga gonakin rake na kamfanin sukari na Savannah iya ganinka, waɗanda ake shayarwa daga madatsar Kiri da aka kammala a 1982. A Numan, ƙasar Bachama, Gongolan nan da muka haye ɗazu take zuba cikin Binuwai.

To a kan gadar Numan nake so yaranmu su ajiye waya. Kafin a gina ta, sai an jira jirgin fito, kuma dattawa suna ba da labarin kwana a bakin ruwa. Wannan kogi shi ne babban titin Adamawa a da. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kuma da Turawa suka zo yaƙar Lamiɗo Zubairu a Satumban 1901, ta ruwa suka zo. Jimeta kanta tashar jirgin ruwa ce ta haife ta. Da damina, in ruwa ya cika, jirage kan hauro da gishiri da atamfa har su wuce Garwa ta Kamaru, su sauka da gyaɗa da auduga da fatu. Dako, da dillanci, da fawa, da ɗinki a gefen wannan tasha su suka zaunar da Hausawa da yawa a garin nan.

Yau in ka leƙa ƙasa da rani, rairayi ya fi ruwa yawa, sai 'yan kwale-kwale da masu noman rani a tsakiyar kogi. Ruwan kan tuna mana da kansa ne kawai in an saki madatsar Lagdo, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022.

Daga nan sai Demsa, sai Ngurore da kasuwar shanunta. Muna shiga Jambutu ana kiran magariba, yaron ya ɗago kai ya ce, "Baba, har mun iso?"