Farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki: Fannin bincike da hanyar shigarsa

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin wurin su mutu. Waɗanda suka mutu ba sa dawowa, amma sassan da suka tsira suna iya ƙulla sabbin hanyoyin sadarwa, su ɗauki wani ɓangare na aikin da ya tsaya. Wannan baiwa ta sake tsara kai ita masana ke kira sauyuwar ƙwaƙwalwa, kuma ta fi ƙarfi a watanni uku zuwa shida na farko.

Donald Hebb ya kafa tubalin fannin a 1949, da ya bayyana cewa yawan aiki tare yana ƙarfafa alaƙar ƙwayoyin jijiya. Daga baya Edward Taub na Amurka ya fito da dabarar ɗaure hannu mai lafiya, a tilasta wa shanyayyen yin aiki ta hanyar maimaitawa. Dabarar ta fi dacewa da wanda yatsunsa ke ɗan motsi.

A Najeriya, binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, ya haɗa da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya kuma nuna cewa hawan jini ne babban sanadin cutar.

Mai sha'awar fannin yakan fara da digirin gashin ƙashi, kamar wanda Jami'ar Bayero ke bayarwa, ko na likitanci, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai gashin ƙashi yana yin shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi rajista da hukumar MRTB, sannan ya nemi digiri na biyu da na uku. Ƙarin girma a jami'a ya dogara ga wallafa bincike, kuma asusun TETFund yana tallafa wa malamai su ƙaro karatu.

Babbar tambayar da ke jiran masu bincike tana karkara. Majinyaci a Dingyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, yakan nemi ƙwararru a asibitin koyarwa na Sakkwato, alhali farfaɗowa tana buƙatar atisaye kullum. Gano yadda iyali za su gudanar da shi a gida, da kayan da ke hannunsu, shi zai raba mutane da dama da zaman dogaro da wasu.