Abin da tsohuwar sheƙa ta tona game da cimar mikiyar Amurka

Ka san mikiyar nan mai farin kai da ke jikin tambarin Amurka tun 1782? To, yau ba maganar tambari za mu yi ba, maganar cikinta za mu yi: me take ci, kuma me ya sa sanin hakan ya zama batun rayuwa da mutuwa a wasu tsibirai takwas da ke gaɓar Kalifoniya, waɗanda ake kira Channel.

Bari mu fara da tambayar da na san za ka yi: ta yaya za a san abin da tsuntsu ya ci shekara ɗari ko dubu da suka wuce? Hanya biyu ce. Mikiya takan yi shekaru tana komawa sheƙa ɗaya, duk abin da ta kawo wa 'ya'yanta kuma ƙasusuwansa suna taruwa a wurin. A tsibirin San Miguel masana sun tono wata tsohuwar sheƙa, suka sami dubban ƙasusuwa, galibi na kifi da tsuntsayen teku. Hanya ta biyu tana jikin mikiyar kanta. Abincin teku da abincin tudu suna barin alama daban-daban ta sinadaran kabon da naitirojin a ƙashi da gashin tsuntsu. In ka auna su, sai ƙashin ya gaya maka daga ina mai shi ya yi kiwo.

Da waɗannan hanyoyi Seth Newsome da abokan aikinsa suka yi binciken da suka wallafa a 2010. Abin da suka gano shi ne, tsawon dubban shekaru tsuntsayen teku ne ginshiƙin cimar mikiyoyin tsibiran. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 masu kiwo suka shigo da tumaki. Mikiya kuwa ba ta da zaɓe, abin da ta samu shi take ci, har mushe. Nan da nan mushen tumaki ya shiga cikin abincinta.

Daga nan ne abubuwa suka lalace. An yi ta harbinsu, ana kwashe musu ƙwai. Sannan ga maganin ƙwari na DDT, wanda aka yi ta fesa wa sauro a ƙasashe da dama. Kamfanin Montrose da ke yankin Los Angeles ya yi shekaru yana zuba dattin DDT a magudanar da ke kai wa teku. Gubar ta shiga kifi, ta shiga tsuntsayen da ke cin kifin, ta taru a jikin mikiya. Sai ɓawon ƙwanta ya yi siriri, uwa na kwanciya a kai ya fashe. Zuwa wajen 1960 babu sauran mikiya mai haihuwa a tsibiran. Amurka ta haramta DDT a 1972, amma har yau yana kwance a ƙasan tekun.

Rashinta ya jawo wata ɓarnar da ba wanda ya zata. Wata mikiyar daban, mai ruwan zinare, wadda ita farautar tudu take yi, ta samu fili ta shigo a shekarun 1990. 'Ya'yan aladun da suka fantsama a daji suka riƙe ta, ita kuma ta far wa wata ƙaramar yanyawa da babu irinta a ko'ina sai a tsibiran. Sai da yanyawar ta kusa ƙarewa.

An soma mayar da mikiya mai farin kai tsibirin Santa Catalina a 1980, sannan Santa Cruz daga 2002. A 2006 aka ƙyanƙyashe ɗan tsako a Santa Cruz ba da taimakon mutum ba, karo na farko cikin fiye da shekara 50.

To, a nan ne fa tarihin cimar ya yi rana. Mikiya ta dawo, amma akushin da ta bari ba shi ta tarar ba. An kwashe tumaki, tsuntsayen teku sun ragu. Abin da ya yawaita shi ne zakin teku, wanda kitsensa ke ɗauke da ragowar DDT. In ta koma cin mushensa, gubar da ta kore ta za ta iya dawowa. In ta juya kan tsuntsayen da suka rage ko yanyawa, ka ga an gyara wani wuri an ɓata wani. Shi ya sa masu kula da tsibiran ba ƙirga mikiyoyi kaɗai suke yi ba, har abin da ke cikin sheƙarsu suke dubawa.