Tarihin Rajista da Lissafin Kuɗin Magani a Ƙasar Gabi

Rubuta cututtuka da lambobi ya samo asali daga jerin dalilan mutuwa da Bafaranshe Jacques Bertillon ya tsara a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin a 1948, kuma a kundinta na goma ciwon fumfuna irin na Asfajilus, mai kama huhu, yana ƙarƙashin lamba B44.

A ƙauyukan Gabi, cikin gundumar Madarumfa, takarda ta ƙara nauyi bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, lokacin da majiyyaci ya fara biyan kuɗi a likita, ana yanka masa rasit. A 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Daga nan majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na likitar, yakan cika takardun bashi ya tura sama, biya kuwa yakan yi jinkiri sosai.

Rajistar likitar ƙauye ta fi sanin zazzaɓin cizon sauro, tamowa da tarin fuka. Fumfunar huhu tana kama da tarin fuka: tari, rama, kakin jini. Gano ta sai da hoton ƙirji da awon jini, shi ya sa da wuya sunanta ya shiga littafin ƙauye.