Kashi 15 ɗin da aka yi mana alkawari a Abuja

1/ Matasan Shanga, Yauri da Ngaski, kafin mu ci gaba da zagin juna kan jam'iyya, ga ɗan tarihi.

2/ A Afrilun 2001, zamanin Obasanjo, shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. PDP ta yi shekara 16 ba ta cika ba. APC ta karɓa a 2015, har yau shiru.

3/ A 2014 Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware wa kiwon lafiya na matakin farko kashi 1 na kuɗin shigar tarayya. Sai a kasafin 2018 kuɗin ya bayyana. Amma manyan motocin 'yan majalisa a 2023 fa? Nan take.

4/ Mu na bakin tafkin Kainji ke ji a jika: tsargiya, zazzaɓin cizon sauro, mai naƙuda a kwalekwale ana neman asibitin Yauri. Dattawan jam'iyya masu wa'azin tsimi ma sun fara ƙorafi.

5/ In ɗan takara ya zo da atamfa da taliya, ku tambaye shi: nawa za ka ware wa asibitin mazaɓarmu?