Tarihin Goggon Birin Tsauni da Abin da Ya Shafe Mu

Masu iya magana kan ce biri ya yi kama da mutum. Wanda ya fara wannan magana jan biri da bika na dazukanmu ya gani. Da ya ga goggon birin tsauni, wanda ake kira gorila, da ya ƙara gaskata kansa. Shi wannan ba shi da wutsiya. Macen kan yi goyon ciki wata takwas da rabi, ta shayar da ɗanta wajen shekara uku, tana goya shi a baya. Masana sun gano kusan kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin halittarsa irin namu ne, har murarmu kan kama shi, wani lokaci ta zama ajalinsa.

Turawa ba su san da shi ba sai a 1902, lokacin da wani hafsan Jamus, Robert von Beringe, ya harbe biyu a tsaunukan Birunga da ke iyakar Ruwanda da Uganda da Kwango. A 1925 Beljiyam ta keɓe musu gandu, amma farauta da noma suka ci gaba da cin dajin. A 1967 wata Ba'amurkiya, Dian Fossey, ta kafa sansanin Karisoke a Ruwanda, tana bambance kowane biri da zanen hancinsa, tana raɗa masa suna. Ƙidayar 1981 ta sami 254 kacal a Birunga, ita kuma aka kashe ta a Disamban 1985. Rubuce-rubucenta da jajircewar masu gadin daji suka juya al'amarin, har a 2018 yawansu a duniya ya haura 1,000.

Mu ma a Nijeriya muna da danginsa a duwatsun Kuros Riba. An ɗauka sun ƙare bayan yaƙin basasa, sai aka sake ganinsu a shekarun 1980, kuma ragowarsu tsakaninmu da Kamaru wajen 300 ne. Amma da yawanmu ba mu ji sunan gorila ba sai a 2019, da aka baza labarin wai ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, alhali gwamnan lokacin ya ce babu gorila ko ɗaya a gidan.

Kare halitta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa a 1934, ya dogara ne kan hana su a Matan Fada har ranar biki ta zo, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girma. Saboda haka, ya 'yan uwa marubuta, mu tambayi tsofaffin maharba da masunta na kwarin Rima dabbobin da suka sani suna yara, da waɗanda suka daina gani, mu rubuta tun masu ba da labarin suna raye.