Ebagiriyus da Tunani Mai Ƙara

Yau za mu koma hamadar Masar, mu ga wani bawan Allah mai suna Ebagiriyus.

An haife shi wajen shekara ta 345 a ƙasar Fontus, cikin Turkiyya ta yau. Ya zama dikin mai kaifin baki a birnin Kustantiniya. Ana nan sai zuciyarsa ta kamu da son matar wani babban mutum. Don gudun faɗuwa ya tsere zuwa Urushalima a 382, daga can ya shiga hamadar Masar, inda ya zauna har mutuwarsa a 399.

Ya bar birni, ya bar matar, amma yaƙi bai ƙare ba, gama abokin gaba yana cikin zuciya. Ya lissafta mugayen tunani 8: zarin ci, sha'awar zina, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasala, neman yabo da girman kai. Ya lura baƙin ciki yakan tono zunuban da mutum ya riga ya tuba daga gare su, yana raɗa masa cewa Allah ya yashe shi.

Saboda haka, in ya karanta Zabura, maƙiyan da suka kewaye Dawuda yakan ɗauke su a matsayin aljanu masu zuga waɗannan tunani. Ya ga yadda Yesu ya mayar wa Iblis magana da Nassi cikin jeji (Matiyu 4), sai ya tattara ayoyi kusan 500, kowace a gaban tunanin da za ta amsa. Ya kuma koyar cewa zuwan tunani ba a hannunmu yake ba, amma ba shi masauki a hannunmu yake.

Ba duk koyarwarsa ikilisiya ta karɓa ba, an ƙi wasu a 553. Amma wannan darasi ya tsaya.

To, mu fa? Da yawa cikinmu mun tuba, duk da haka da dare mai ƙara yakan ta da tsohon laifi. Kada mu yi gardama da shi da wayonmu. Mu buɗe Romawa 8, mu amsa masa da Maganar Allah, gama Ruhu Mai Tsarki da ke cikinmu ya fi shi ƙarfi.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.